Kayan Sansani a Teburin Gwanjo: Nazarin Wani Gado da Ya Ƙi Sayuwa

## Lamarin a dunƙule

A watan Maris na 2015 labari ya fita cewa wani gidan gwanjo mai suna Rago, da ke garin Lambertville a jihar New Jersey ta Amurka, zai yi gwanjon wasu tsofaffin kaya kimanin 450 ranar 17 ga Afrilu. A cikinsu akwai zane-zanen fenti, da sassaƙe-sassaƙen itace, da kayan ɗaki, da 'yan kayan ƙawa na maƙalawa a riga, da allunan sunayen iyalai, da tarin hotuna. Dukansu an yi su ne a sansanonin da gwamnatin Amurka ta tsare Japanawa mazauna ƙasarta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Dillalan sun yi wa kayan kuɗi, jimilla, kimanin dala 27,000.

Mai kayan, wanda za a sakaya sunansa a nan, ba Bajapane ba ne, bai kuma taɓa zaman sansani ba. Gadonsu ya yi daga mahaifinsa. Bai sata ba, bai ƙwata ba, babu kuma dokar da ta fito fili ta hana shi sayarwa. Matsalarsa ita ce yana riƙe da kayan da yake ganin nasa ne halak malak, yana son ya mai da su kuɗi, sai ga dubban mutane sun tashi sun ce ba shi da hurumin sa musu farashi.

## 1942 zuwa 1945: inda kayan suka fito

Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojin ruwan Amurka da ke Hawaii, ranar 7 ga Disamba 1941. Ranar 19 ga Fabrairu 1942 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, wanda ya ba sojoji ikon kwashe mutane daga yankunan da suka ga dama. Waɗanda abin ya faɗa wa su ne masu tsatson Japan da ke gaɓar tekun yammacin ƙasar, mutum wajen 120,000. Kashi biyu cikin uku haifaffun Amurka ne, 'yan ƙasa cikakku. Sauran yawanci iyayensu ne, waɗanda doka ta hana su zama 'yan ƙasa har zuwa 1952. Ba a gurfanar da su a kotu ba, ba a tuhume su da komai ba.

An ba iyalai 'yan kwanaki su haɗa ya-nasu-ya-nasu, aka ce kowa ya ɗauki abin da hannunsa zai iya ɗauka kawai. Gonaki da shaguna da motoci aka karyar da su a wulaƙance, wasu aka bar su haka nan. Kowane iyali aka ba shi lamba, aka rataya ta a wuyan riga da jikin akwati. Da farko aka zuba wasu a filayen sukuwa irin su Santa Anita da Tanforan, har da masu kwana a bargar dawaki, kafin a rarraba su sansanoni goma a Kalifoniya da Arizona da Utah da Idaho da Wyoming da Colorado da Arkansas.

Sansanin Heart Mountain a Wyoming shi ne zai fi fitowa a wannan labari. An buɗe shi a Agusta 1942, ya taɓa ɗaukar mutum sama da 10,000 a lokaci guda, abin da ya sa ya zama gari na uku a yawan jama'a a duk jihar. Gidajen dogayen rumfunan katako ne da aka lulluɓe da takarda mai kwalta, kowace ƙafa 120 a tsawo, ƙafa 20 a faɗi, an yanka ta ɗaki-ɗaki. Iyali guda ɗaki guda: gadajen ƙarfe, murhun ɗumama ɗaki, ƙwan lantarki ɗaya. Babu tebur, babu kujera.

Daga nan sana'ar hannu ta taso. Mutane suka riƙa tsintar guntayen katakon da magina suka bari suna haɗa kujeru da akwatuna. Tun da rumfunan duk kamarsu ɗaya, har yara kan ɓata hanyar gida, sai magidanta suka shiga sassaƙa sunan iyali a allo suna kafawa a bakin ƙofa. A Tule Lake da Topaz, inda aka yi sansani a kan busasshen tafki, mata suka riƙa tono ƙananan ɓawon dodon koɗi, su wanke, su jera su su zama furen maƙalawa a riga. Wasu suka ƙware a sassaƙa 'yan tsuntsaye da ba su fi ɗan yatsa ba, a yi musu fenti. Mai aiki a sansani albashinsa dala 12 ne ko 16 ko 19 a wata, don haka kusan komai da abin da aka tsinta ake yin sa. Da aka zo rufe yawancin sansanonin a 1945, abin da aka ba kowa shi ne dala 25 da tikitin jirgin ƙasa.

## 1945 zuwa 1962: kayan sun shiga hannun Eaton

Allen Eaton masanin sana'o'in hannu ne, haifaffen Oregon a 1878, wanda ya daɗe yana shirya baje kolin ayyukan baƙin haure don nuna abin da suka ƙara wa Amurka. Tsare Japanawan bai yi masa daɗi ba. A 1945, gab da rufe sansanonin, ya zagaya biyar daga cikinsu da niyyar sayen kaya don ya shirya baje koli da zai nuna wa Amurkawa irin mutanen da aka kulle.

Abin da ya tarar ya rubuta shi da kansa a littafin da ya fitar kan wannan batu a 1952. Ya ce ya je da shirin saye, amma kaɗan ne suka yarda su sayar. Mutanen suna ajiye kayan ne don su ba abokan zama kyautar rabuwa, ko su bar wa 'ya'yansu. Shi kuwa kyauta suka yi ta ba shi har ya ji nauyi, amma batun ciniki suka ƙi. Wannan magana tasa ita ce za ta dawo bayan shekara 63 ta zama hujja a hannun lauyoyi. (Wadda ta rubuta gabatarwar littafin Eleanor Roosevelt ce, matar shugaban da ya sa hannu a umarnin tsarewar.)

Cikin abin da ya samu akwai zane-zanen Estelle Ishigo, Baturiya da ta auri Bajapane, ta kuma zaɓi ta bi mijinta Heart Mountain duk da ba a tilasta mata ba. Akwai kuma hotuna masu yawa na rayuwar sansani.

Babban baje kolin da ya yi niyya bai yiwu ba. Eaton ya rasu a 1962, kayan suna hannunsa.

## 1962 zuwa 2014: daga hannu zuwa hannu

'Yarsa ce ta gaje su. Daga baya suka koma hannun wani ɗan kwangilar gini da ya yi mata aikin gida suka shaƙu. Ta rasu a 1990. Shi ma da ya rasu sai suka faɗa wa ɗansa, mutumin da ake wannan nazari a kansa.

A tsakanin nan ƙasar ta sauya. A 1983 wani kwamitin bincike da majalisar dokoki ta kafa ya ce babu wata larurar tsaro da ta sa a yi tsarewar, wariyar launin fata ce da firgicin yaƙi da gazawar shugabanni. Ranar 10 ga Agusta 1988 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar ban haƙuri da diyyar dala 20,000 ga duk wanda ya rage a raye, aka kuma biya mutum sama da 82,000. A 1992 aka buɗe gidan adana tarihin Japanawan Amurka a unguwar Little Tokyo ta Los Angeles. A 2011 gidauniyar Heart Mountain ta buɗe cibiyarta a daidai inda sansanin yake. 'Ya'ya da jikokin waɗanda aka tsare, da yawansu sun taso iyayensu ba sa ko son a ta da zancen, yanzu sun zama lauyoyi da malaman jami'a da 'yan jarida, suna kuma zuwa ziyarar tsofaffin sansanonin duk shekara. Magajin bai sa wannan a lissafinsa ba, dillalansa ma haka.

## Maris zuwa farkon Afrilu 2015: roƙo da tayi

Jaridar New York Times ce ta ambaci gwanjon a farkon Maris, a shafin labaran kayan gargajiya. Da aka saka kundin kayan a intanet, sai aka ga an kasa su kashi ashirin da wani abu, kowane kashi da lambarsa da farashin da ake sa rai.

Gidauniyar Heart Mountain, ƙarƙashin shugabarta Shirley Ann Higuchi, lauya wadda iyayenta suka yi zaman sansanin suna yara, ita ta fara shiga maganar, kuma da lalama ta fara. Ta nemi a ba da kayan kyauta ga gidajen tarihi. Aka ƙi. Ta nemi a ɗaga ranar gwanjon a zauna a tattauna. Aka ƙi. Sai ta tara alkawarin kuɗi ta yi tayin dala 50,000 a cire kayan daga gwanjo a sayar mata su gaba ɗaya, wato kusan ninki biyu na kuɗin da dillalan suka yi musu da bakinsu. Wannan ma aka ce albarka.

Hujjar da gidan gwanjon ya bayar a madadin mai kayan kashi biyu ce. Ta farko, ba shi da halin da zai kyautar da su. Ta biyu, ba ya ganin shi ne ya cancanci ya zaɓi wace cibiya za ta samu wace za ta rasa, gara a buɗe fage kowa ya zo ya taya. Gidan gwanjon kuma yana da yarjejeniya da mai kayan, ya ce ba zai saɓa ta ba.

## 9 zuwa 15 ga Afrilu: mako na ƙarshe

Da saura kamar mako guda, wasu 'ya'yan tsofaffin mazauna sansanin a arewacin Kalifoniya suka buɗe shafi a Facebook da taken cewa tarihin Japanawan Amurka ba na sayarwa ba ne. Aka kuma buɗe takardar koke a intanet. Cikin 'yan kwanaki dubban mutane suka shiga.

Abin da ya ba shafin ƙarfi shi ne mutane sun shiga kundin gwanjon suna duba hotunan da allunan ɗaya bayan ɗaya, suna gane nasu. Wannan ya ga kakarsa, wancan ya ga sunan gidansu a allon ƙofa. Marubuciyar waƙe Janice Mirikitani, wadda aka kai ta sansanin Rohwer tana jaririya, ta ga hoton ɗan uwanta cikin kayan da za a taya. Da yawa suka rubuta cewa an taɓa rataya wa iyayensu lamba a wuya a 1942, ga shi yanzu an sake ba su lambar kashin gwanjo. Wasu kuma suka tuno yadda aka tilasta wa iyayen karyar da dukiyarsu kafin a kwashe su, suka ce wannan cin riba ne a kansu karo na biyu.

Gidauniyar ta koma ga lauyoyi. Ranar 15 ga Afrilu lauyoyinta suka sanar da gidan gwanjon cewa za su nemi kotu ta ba da umarnin dakatarwa, bisa hujjar cewa an damƙa wa Eaton kayan ne don a nuna wa jama'a, don haka wanda ya gaje su bai gaji ikon sayar da su ba. A daidai wannan lokaci George Takei, fitaccen ɗan wasan talabijin mai miliyoyin mabiya a Facebook, wanda aka tsare shi a Rohwer da Tule Lake tun yana ɗan shekara 5, ya yi magana kai tsaye da masu gidan gwanjon, ya ce zai shiga tsakani a samo mafita.

A ranar aka janye kayan, saura kwana biyu a buga ƙararrawa. Gidan gwanjon ya fitar da sanarwa yana cewa akwai buƙatar a tattauna batun sayar da kayan tarihi da suka samo asali daga zaluncin ɗan Adam ga ɗan uwansa, kuma maganar ta wuce abin da doka ta halatta. Ba a kai ga zaman kotu ba.

## Mayu 2015 zuwa 2018: inda kayan suka sauka

Ranar 2 ga Mayu 2015, a liyafar shekara-shekara ta gidan tarihin Los Angeles, wadda a ranar Takei ake karramawa, aka sanar cewa gidan ya mallaki kayan gaba ɗaya. Takei yana cikin kwamitin amintattun gidan. Ba a bayyana kuɗin da aka biya ba. Gidauniyar Heart Mountain, da ta yi tayin farko ta kuma ɗauki ɗawainiyar lauyoyi, ba ita ta samu ba.

An ɗauki lokaci ana gyara kayan da ɗaukar hotonsu, aka saka hotunan a intanet don jama'a su taimaka da sunaye. A Janairu 2018 aka buɗe baje kolinsu a Los Angeles, daga nan aka riƙa yawo da wani sashe zuwa garuruwa da wuraren ziyarar sansanoni, ana ajiye kundaye a tebur don tsofaffi su rubuta wanda suka gane da wanda ya sassaƙa kaza. A wannan shekarar aka ba cibiyar Heart Mountain aron wasu zane-zanen Estelle Ishigo, suka koma inda aka zana su.

## Abin da ya sa wasu matakai suka faɗi, wasu suka ci

Roƙon kyauta ya faɗi don ya nemi mutum guda ya ɗauki asarar duka. Faɗuwar tayin dala 50,000 ce ta fi ban mamaki, ita ce kuma ta raunana hujjar mai kayan. Wanda ya ce talauci ya hana shi kyauta, aka ba shi ninki biyu ya ƙi, to ko dai yana hangen gwanjo zai kawo fiye da haka, ko kuwa da gaske yake cewa ba ya son zaɓar cibiya. In na biyun ne, bai lura cewa gwanjo ma zaɓi ne ba: yana zaɓar mai aljihu mafi nauyi. Ƙari a kan haka, kasa kayan kashi-kashi yana nufin allon ƙofar wani iyali ya tafi falon wani attajiri, hoton iyalin ya tafi wata jiha, ba mai sake haɗa su.

Abin da ya ci, a ganina, abubuwa ne da suka haɗu a mako guda, kuma babu wanda zai isa shi kaɗai. Sunaye sun fi komai. Muddin ana cewa "kayan sana'ar hannu na zamanin yaƙi", ciniki ne kamar kowane ciniki. Da mutane masu rai suka ce wannan uwata ce, sai lissafin dillali ya juye. La'adar da gidan gwanjo zai samu a kayan dala 27,000 'yan dubbai ne, ba ta kai ya zubar da sunansa a kanta ba. Barazanar kotu ta ba shi dalilin da zai gaya wa mai kayan, shiga tsakanin Takei kuma ta ba su duka biyu ƙofar fita ba tare da an ce an kayar da su ba.

Game da haƙƙi kuwa, mai karatu da ya taɓa zama wurin rabon gado ya san ƙa'idar: kafin a raba, ana ware ajiyar mutane da ke hannun mamaci, don amana ba ta shiga gado. Abin da mazauna sansanin suka ba Eaton ya fi kama da amana, shi ma da alƙalaminsa ya shaida sun ƙi sayarwa. Sai dai sharaɗin a baki yake da zuciya. Eaton ya san shi, 'yarsa wataƙila ta san shi, ɗan kwangila ya ji labari, ɗansa kuwa akwatuna ya tarar. Kowane hannu kayan suka shiga, sharaɗin ya ƙara dushewa, kuɗin ya ƙara fitowa. Ko kotun New Jersey za ta karɓi wannan hujja, ba a gwada ba, kuma gidauniyar ta yi sa'a da ba a gwada ba, don kafa amana daga 'yan layuka a littafi bayan shekara 70 da ba Eaton kayan ba ƙaramin aiki ba ne.

Bai kamata a mai da magajin mugu ba. Gidansu ya adana kayan nan shekaru da dama a lokacin da irinsu da yawa suka ƙare a bola, wasu ma masu su ne suka watsar don ba sa son tunawa. Wanda ya yi wannan ajiya ya cancanci lada, kuma sayen da gidan tarihi ya yi ya ba shi. Inda ya kuskure shi ne hanyar. Sayar wa cibiya guda kayan a dunƙule, da sanin masu abin, daban yake da a tsaya a bainar jama'a ana "wa zai ƙara" a kan hoton kakar wani.

Akwai wani lamari da ake yawan haɗa shi da wannan. A Nuwamba 2019 gidan gwanjon Hermann Historica a Munich ta Jamus ya sayar da kayan shugabannin Nazi duk da ƙorafin ƙungiyoyin Yahudawa. Wani ɗan kasuwa ɗan asalin Labanan mazaunin Geneva, Abdallah Chatila, ya kashe wajen yuro 600,000 ya saye guda goma, har da hular Hitler a kan yuro 50,000, don kada su faɗa hannun masu sha'awar aƙidar, ya kuma kyautar da su suka ƙare a cibiyar Yad Vashem da ke birnin Ƙudus, wadda aka kafa don tunawa da kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma gwanjon ya ci, dillali ya karɓi la'adarsa, duk mai irin waɗannan kaya a ɗaka ya ga farashi ya tashi. Kayan azzalumi ba su da jikokin da za su fito su ce namu ne, a ba mu. Kayan wanda aka zalunta suna da su, shi ya sa aka iya tsayar da gwanjon Lambertville tun kafin a taya, aka kasa tsayar da na Munich.

In akwai wanda ya fi kowa damar hana wannan rikici, Eaton ne. Ya rayu shekara 17 bayan ya karɓi kayan, yana da suna, yana da hanya a gidajen tarihi. Gaskiya ne a shekarun 1950 ba kowace cibiya ce za ta so kayan sansani ba, gidan tarihin Japanawan kansa sai bayan rasuwarsa da shekara 30 aka buɗe shi. Duk da haka, da ya damƙa su ga wata jami'a ko ɗakin karatu tare da sunayen waɗanda suka ba shi, da ma'aikatan gidan tarihi ba su yi ta yawo da kundaye a 2018 suna tambayar 'yan shekara 80 da 90 ko sun tuna wanda ya sassaƙa wannan tsuntsu ba.